Ranar da Sandar Eriya Ta Riƙe Ni

Hannuna na sauka a kan sandar na san wannan ba irin cizon da muka saba da shi ba ne. Na ce bari in saki, yatsuna suka ƙi buɗewa, sai ma ƙara damƙewa da suka yi. Wani abu ya bi ta damtsena ya sauka a ƙirji, haƙorana suka haɗe, ina jin muryar surukina ta taga yana cewa in ƙara juyawa kaɗan, ya kusa yi. Na kasa amsa masa. Edita, daga nan labarina ya fara, amma sai na ɗan koma baya kafin masu karatu su gane yadda aka yi mace mai ciki ta tsinci kanta a bayan ɗaki, ba takalmi, tana riƙe da ƙarfe.

A Agege aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, Yarabanci a bakina kamar Hausa. Shekarar da sojoji suka koma bariki aka yi mini aure da wanda nake so, ma'aikaci ne a wani kamfanin dakon kaya a Ikeja. Aka kai ni gidansu, irin gidan nan mai dogon lungu da ɗakuna ke kallon juna. Gaba na iyayensa ne da mu, baya na 'yan haya. Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba, tsohon ɗan kasuwar goro ne da ƙafa ta zaunar da shi, ba shi da abin yi sai ibada da talabijin. Maigidana ya kafa masa babban dish a saman shagon da ke ƙofar gida. Dish ɗin yana kawo Makka da Madina da labaran ƙasashen waje, hoto tar, har gashin gemun liman kana gani. Amma ba ya kawo tashoshin gida. Su sai da eriya, wadda aka ɗaure a kan dogon bututun ƙarfe a bayan ɗakin Baba. Kowace tasha da inda take fuskanta, don haka idan za a canza sai wani ya zagaya ya murɗa bututun, na ciki yana ta kiran ya yi, bai yi ba, koma baya. In jirgi ya zo sauka Ikeja kuwa hoton sai ya yi ta rawa har ya wuce.

Da aka gina bene a maƙwabtanmu hoton ya ƙara lalacewa, ya zama dishi-dishi. Maigidana ya sayo busta a Iyana Ipaja, wani ɗan akwati da ake jonawa a soket ya ƙara wa eriya ƙarfi, ya haɗa da kansa. Hoto ya ɗan gyaru, amma daga ranar sandar ta fara cizo. Kana taɓa ta za ka ji tsit a yatsa kamar cinnaka. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. 'Yan haya suka sa mata suna karen Alhaji, wato karen Baba, in wani zai zagaya a ce masa ya gaida karen. Aka naɗa mata tsumma a daidai wurin kamawa, magana ta ƙare. Ni da na yi kimiyya a makaranta, aka koya mini abin da ruwa da ƙarfe da wuta ke yi in sun haɗu, ina cikin masu dariyar.

A lokacin cikina na fari ya fito, har ya fara motsi. Kowa a gidan yana gani, ba mai faɗa. Haka aka koya mini tun kafin a kawo ni: ciki na fari ba a zancensa, ba ka nuna ka san da shi, balle a gaban surukai. Hajiya, surukata, takan rage mini aiki ba tare da ta ce don me ba, ta ajiye mini hanta a gefen kwano, in ɗauka kaina a ƙasa. Ko awo ban fara zuwa ba, don ban san bakin da zan buɗe in ce a kai ni ba. Ina jiran lokacin da za a mayar da ni gida goyon ciki, can in yi wa yayata magana. Amma ni kaɗai na san al'adar abin da ke cikina. In na ci abinci na kishingiɗa sai ya harba, in an kira sallah a masallacin layinmu sai ya juya kamar lasifikar ta dame shi.

Kwanakin ne ake nuna zaman nan da ake kiran manyan da suka yi mulki da kaki suna amsa tambayoyi a gaban jama'a, kuma a tashar gida ake nunawa. Baba ba ya jin Turanci sosai. Yakan ce shi ba maganarsu yake bi ba, fuskokinsu yake son gani tar, ya ga wanda zai yi gumi. Ranar an yi ruwa tun hantsi, iska ta karkatar da eriyar. Bayan la'asar yara duk suna Islamiyya, Hajiya ta tafi barka, ni ce kusa. Baba ya ce amarya, taimaka ki gaida mana karen nan. Ina cikin goge tsakar ɗaki ne, na fita yadda nake, ƙafata a jiƙe, ƙasa a jiƙe, tsumman da ke jikin sandar ya sha ruwa sharkaf.

Ban san iya lokacin da ta riƙe ni ba. Abin da na sani shi ne an ɗauke wuta. Na ji layinmu gaba ɗaya ya ɗauki tsaki da ƙorafi yadda aka saba, na ji Baba yana ja wa masu wuta Allah ya isa, sun ɗauke daidai inda ake so, ni kuma ina zaune a cikin taɓo, yatsuna sun sake. Abin da kowa ke zagi a layin shi ya raba ni da ƙarfen. Na duba tafin hannuna, wurin ya yi fari ya tashi. Na miƙe, na wanke zanena a bakin famfo, na shige ɗaki. Da Baba ya tambaya ta labule ko lafiya ya ji shiru, na ce lafiya lau.

Na kishingiɗa ina jira. Aka kira magariba, bai juya ba. Na ci tuwo, na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu na koma ta dama, na danna da yatsa a inda yakan harba. Shiru. Da maigidana ya dawo na nuna masa hannun na ce sandar nan ta cije ni sosai yau. Ya duba, ransa ya ɓaci, ya shafa mini man zafi, ya ce ranar Asabar zai kira mai gyara, kada in ƙara zuwa wurin. Na zuba masa ido ina jira ya tambayi ɗaya abin. Bai tambaya ba. Ba rashin kula ba ne, shi ma yadda aka rene shi ke nan, kuma a ganinsa hannu wuta ta ja, hannu ne ya ƙone. Da Hajiya ta ga hannun da safe na ce tukunya ce.

Akwai wata Bayarabiya a ɗakunan baya, mai sayar da dafaffen wake da burodi a bakin titi, muna kiranta Iya Ibeji saboda 'yan biyunta. Ita ta same ni a bakin famfo da hantsi, bokiti ya cika yana zuba, ni kuma hannuna ɗaya a kan mara ina tsaye. Ta kashe famfon, ta kama hannun ta juya, ta ce da Yarabanci wannan ba tukunya ba ce, ita ta shekara ashirin tana ƙonewa da tukunya. Na ce sandar ce. Ba ta yi wani kewaye-kewaye ba, ta tambaye ni yaushe rabon da yaron ya motsa. Tunda na samu cikin ba wanda ya taɓa kiransa yaro a gabana. Da Yarabanci na ba ta amsa, kuma na lura abin da ya gagare ni da Hausa ya fito da sauƙi. Na roƙe ta ta rufa mini asiri. Ta ce asirin me, cikin shege ne? Ta ja ni har ƙofar Hajiya, ta tsaya a tsakiyar lungu, da gurguwar Hausarta da muke yi wa dariya ta ce wuta ya kama yarinya jiya, yaro ba ya motsi, ku kuna zaune kuna kunya.

Hajiya tana tankaɗe ne. Ta ajiye rariyar, ta dube ni, ta dubi cikin, a karo na farko ba ta kawar da kai ba. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ta ɗauko mayafinta da nawa. Wani ɗan haya ya ce bari ya tsayar da okada, wato ɗan acaɓa, Iya Ibeji ta ce ya hau da kansa, ta aika aka samo tasi, muka shiga mu uku. Muna cikin cunkoso a hanyar Ogba, Hajiya tana riƙe da wuyan hannuna, sai ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Ke yanzu tun jiya? Ni dodo ce?"

Na ce a'a.

"Kunya aka ce ki ji. Ba a ce ki mutu a ɗaki ba."



A asibitin wata nas ta kwantar da ni, ta kafa wani abu kamar mazurari a cikina ta sa kunne. Ta matsar da shi nan, ta matsar can, ta ce in daina numfashi da ƙarfi. Ta daɗe. Sannan ta miƙe ta ce ba za ta ce komai ba, a jira likita ya yi hoton ciki. Ta tambayi katin awo na ce ba ni da shi, ta tambayi lokacin da abin ya faru na faɗa, ta dubi Iya Ibeji ta ce mutanenku ke nan. Iya Ibeji ta ce ba mutanenta ba ne, maƙwabtanta ne, kuma a yi aiki a bar surutu. Aka zaunar da mu a benci. Akwai talabijin a maƙale a bango, ana nuna zaman nan da Baba ke so, hoton tar. Na zauna ina kallon wani mai manyan kaya yana share gumi, ban ji komai a raina ba, kamar ba ni ce a wurin ba.

Daga baya mai gyara ya zo ya ce bustar ce ke zubar da wuta ta bi waya ta hau sandar, tun ranar da aka jona ta, kuma ba a kafa mata wayar da ke kai wuta ƙasa ba. Ya ce da yaro ne ya kama a ranar, ko kuma da a ce ba a ɗauke wuta ba, da wani zancen ake. Maigidana ya cire ta ya farfasa da guduma, ya kwana biyu ba ya iya haɗa ido da ni. Yanzu ina gidanmu goyon ciki nake rubuta wannan, kuma har yau ba na iya kama murfin firji sai na naɗe hannu da zane, in na ji an kawo wuta gabana sai ya faɗi. Abin da nake son in gaya wa masu karatu biyu ne. Duk gidan da sandar eriya ko jikin dish ko wani ƙarfe ke ɗan cizo, ba abin wasa ba ne, kuma tsumma ba magani ba ne. A kashe soket a kira wanda ya san aikin, ko da za a rasa kallon ranar. Na biyu kuma ga 'yan'uwana masu cikin fari. Ban ce a zubar da kunya ba, ni ma har gobe ba zan iya kiran sunan Baba ba. Amma likita ya ce in wuta ta ja mai ciki, ko motsi ya tsaya, a lokacin ake zuwa, ba a kwana. Ni na kwana, ina da baki, ina da ilimin da zan gane, mutanen da za su kai ni suna bayan labule ɗaya da ni. In ba za ki iya faɗa wa surukarki ba, ki faɗa wa maƙwabciya, ki faɗa da kowane yare ya zo bakinki. Iyaye kuma ku riƙa tambaya, don wata ba za ta taɓa fara maganar ba.

A ranar can a asibiti, bayan azahar aka kira mu. Ɗakin da duhu-duhu, Hajiya ta tsaya daga bakin ƙofa, likita ya ce ta shigo. Ya shafa mini wani abu mai sanyi, ya ɗora na'urar, ya yi ta zagayawa yana kallon allon. Sannan ya juyo da allon wajenmu. Hoton dishi-dishi ne, ya fi na talabijin ɗinmu lalacewa, ban ga komai ba sai toka-toka. Ya sa bakin biro a wani wuri ya ce in duba nan. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar gero, yana buɗewa yana rufewa, da sauri, ba ya tsayawa. Ya yi bayani da Turanci, ya auna bugun zuciyata ni ma, ya ce mu biyun mun tsira, sai dai a riƙe ni a ga yadda zan kwana. Iya Ibeji ta ɗaga hannu sama tana godiya da Yarabanci. Hajiya ba ta jin ko ɗaya daga cikin yarukan biyu. Ta matso kusa da gadon, ta dubi allon, ta dube ni.

"Me ya ce?"

Ba wanda zai fassara mata sai ni. Na buɗe baki ina neman yadda zan kewaye, ban samu ba.

"Ya ce ɗana yana da rai, Hajiya."