Baba Walda da Wasan Ranar Laraba

Haihuwa da Karatu

A shekarar 1952 Allah ya kawo marigayin da aka fi sani da Baba Walda duniya, a wani gari da ya tashi a gindin masaƙa, cikin gidan haya mai ɗaki biyu. Mahaifinsa direban motar masaƙar ne, mahaifiyarsa kuwa tela ce. Ya shiga firamare a 1959, ya fita a 1966 da sakamakon da bai cancanci a rataye shi a bango ba, domin malamansa sun yi ittifaƙi cewa ƙwallo ta cinye masa lissafi. Daga nan aka damƙa shi ga kawunsa ya koyi walda.

Sana'a da Iyali

A 1974 ya buɗe shagonsa a bakin titin da ma'aikata ke bi zuwa masaƙa, kuma a 1977 ya auri 'yar wani mai gyaran agogo, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A 1983 ya kafa kulob ɗin ƙwallo na 'ya'yan ma'aikata, ya ƙera turakun raga da bencina da ƙofar fili da hannunsa. Maiɗakinsa kan ce an aura mata mutum ɗaya, amma wankin goma sha ɗaya take yi. Magoya bayan kulob ɗin duk 'yan masaƙa ne, ba su da ranar hutu sai Lahadi, kuma da kuɗin tikitin da suke biya a ƙofa kulob ɗin ke numfashi.

Wasan Neman Gurbi

Bayan shekara goma sha huɗu a ƙaramin rukuni, a 1997 kulob ɗin ya kai wasan neman gurbi a rukuni na sama, gida da waje, da kulob ɗin wani ɗan kwangila na babban gari. Tun fil azal ƙa'idar ita ce a haɗa kuɗin ƙofa na wasannin biyu, a cire haƙƙin alƙalan wasa, a raba saura daidai. Ana saura mako biyu, hukumar gasar ta wayi gari da sabuwar doka cewa kowa ya ci ƙofarsa. Sannan ta fitar da jadawali mai ban takaici: wasan gidan Baba ranar Laraba da ƙarfe biyun rana, na ɗan kwangila kuwa ranar Lahadi da yamma. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa sakataren hukumar surukin ɗan kwangilar ne.

Marigayin ya tafi ofishin hukumar da ƙafarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfe biyun Laraba wa zai zo kallo? Mutanena duk suna bakin inji." Sakataren bai ko ɗaga kai ba ya amsa, "Baba, mu jadawali muka sani, ba mu san masaƙa ba."

Tikiti sittin da uku aka sayar a ranar Larabar, kuɗin da ko alƙalan wasa bai sallama ba, amma yaransa suka ci biyu da nema. Da yake doka ta ce wanda bai halarci wasa na biyu ba an kore shi, kuma babu kuɗin mota, sai ya sayar da injin waldar da yake ciyar da iyalinsa da shi. Ranar Lahadi filin ɗan kwangila ya cika ya batse, aka ci yaran Baba ɗaya, wato a jimla su ne suka yi nasara. Murnar ba ta kwana biyu ba hukumar ta nemi kuɗin rajistar rukuni na sama cikin kwana bakwai. Da wa'adin ya cika bai samu ba, sai aka miƙa gurbin ga ɗan kwangila, wanda ya biya daga kuɗin ƙofar wasan da aka fitar da kulob ɗinsa a cikinsa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya sa hannu a takardar ya san haka. Kulob ɗin ya watse a 1998.

Shekarun Ƙarshe

Ya ƙare rayuwarsa yana aikin albashi a shagon wanda shi ya koya wa riƙon ƙarfe. Daga 1998 zuwa 2018 bai taɓa tsallake shekara bai rubuta wa hukumar takardar koke ba. Bai nemi diyya ba, bai nemi a hukunta kowa ba, buƙatarsa kawai a rubuta a kundin gasar cewa yaransa ne suka ci wasan. Shugabanni biyar suka hau suka sauka, ba wanda ya ga ya isa a ba shi amsa.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa a watan Maris na 2019 bayan gajeruwar rashin lafiya, yana da shekara sittin da bakwai, aka binne shi a maƙabartar bayan masaƙa, tsofaffin 'yan wasansa ne suka ɗauki makararsa. Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa makaniki, da mai bi masa direban tanka, da ma'aikaciyar jinya, sai auta malamar makaranta. Ita ce ta karɓi amsar hukumar kwana tara bayan jana'iza, inda aka umarci mai koke ya bayyana da kansa gaban kwamiti, in kuwa bai zo ba a ɗauka ya janye.