Maigidana yana kalaci

Jama'a, yau kalma ɗaya ta kusa tsayar min da zuciya!

Kun san maigidana Baban Ummi ya tafi kai doya Maraɗi, tun shekaranjiya wayarsa a kashe. Ina gyaran alayyahu sai ga baƙuwar lamba. Mutumin ya ce, "Hajiya, ni jandarma ne, jami'in tsaro daga Nijar. Ɓarayi sun tare motar maigidanki a dajin iyaka. Sojojinku suka kira mu, su ta baya, mu ta gaba. Kowa ya kuɓuta."

Na ce, "Ba shi wayar!"

Ya ce, "Yi haƙuri, yana kalaci."

Na kurma ihu, "Kalaci?!" Na zube ƙasa, na ɗauka wani ɗakin asibiti ne. Maƙwabciyata Maman Joy ta rugo: "Yesu! Ina ne kalaci kuma?"

Sai kunnena ya jiyo ƙarar cokali, da irin tarin nan na Baban Ummi idan yaji ya sarƙe shi. Na ce, "Malam, abinci yake ci?"

Ya fashe da dariya. "Ai shi ne kalaci, Hajiya!"

Baban Ummi ya karɓa, baki cike: "Doya ta tsira, gobe za su raka mu har kasuwa."

Na ce, "Alhamdulillahi! Ƙarasa kalacinka tukuna."