Hutun Kawu Ila A Ƙasar Waje

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na gefen Minjibir ya san kaka ba ta ƙarewa sai Kawu Ila ya yi sallama. Da an zuba gero a rumbu, sai ya zura babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya bi gida-gida yana neman gafara, wai zai tafi hutu ƙasar waje. Bana Masar, baɗi Turkiyya, duk dai ƙasar da ya ji an ambata a rediyo. Mutane kuma don neman magana su yi ta ba shi sautu, wannan turare, wancan darduma. Shi kuwa ya karɓa da gaske, har yana gargaɗin kada a cika buri, kaya sun yi tsada a can. Mutumin da ko Kano sai ya shekara bai leƙa ba.

Ranar tafiya kuma ba ya rasa dalili. Wata shekara matarsa, Inna Hanne, ta same shi zaune a zaure da rigar tafiya, ta ce, "Malam, yau kuma me ya hana jirgin tashi?"

Ya ce, "Akuyar nan haihuwa za ta yi. So kike in bar ta a hannun Habu?"

Habu babban ɗansa ne, magidanci mai 'ya'ya. Aka yi ta jiran haihuwa har ruwa ya sauka. Ashe akuyar ba ciki gare ta ba, ƙoshi ne.

Muna dariya, amma ni na san abin yana ransa da gaske. Yayan mahaifiyata ne, a gabansa na tashi. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ya ce mini, ba wasa a fuskarsa, "Nasiru, ina so kafin in mutu in taka ƙasar da ba tamu ba." Na yi masa alkawari ni zan kai shi. Har fasfo na yi masa, ya sa Inna ta ɗinka masa 'yar jaka kamar laya.

Matsalar ita ce aikina. Wani kamfani nake yi wa aiki ta kwamfuta, daga gida, ko in ce daga gindin darbejiyar bayan gida, don nan kaɗai sabis yake kamawa. Kamfanin ba ya ba ni hutu sai da damina, lokacin da ko ɗaure Kawu aka yi ba zai bar gona ba. Da rani kuma, sa'ad da shi yake zaune, mu lokacin aiki yake yi mana yawa. Sai na yi dabara: mu tafi Masar da rani, in ɗauki kwamfutata, in riƙa aiki daga masauki, shi yana yawonsa. Na nemi izini, aka ce sam. Wai ba a yarda ma'aikaci ya yi musu aiki daga wata ƙasa ba, akwai maganar haraji, akwai maganar takardar izinin aiki, kuma da na kunna kwamfutar a can za su gani.

Da na yi wa Kawu bayani, sai ya gyara zama. "To tsaya. Yanzu da kake nan gindin bishiya, suna ganinka?"

Na ce a'a.

"Amma in ka koma gindin bishiyar Masar, za su gan ka?"

Na ce e.

Ya dubi akuyarsa, ya dube ni. Ya ce, "Ashe kai ma turke gare ka. Igiyarka ce dai ta fi tata tsawo."

Bai tsaya nan ba. Washegari ina tsakiyar kiran bidiyo da shugabarmu, wata baiwar Allah mai tsare gida, sai kawai na ga hula ta shigo gabana. Ya cusa fuskarsa har hancinsa ya cika allon. "Salamu alaikum, Hajiya. Ni ne kawunsa. Yaron nan ko a Masar yake, ni zan tsaya a kansa, ba zai yi lalaci ba." Ta ce ai ba maganar lalaci ba ce, Baba, doka ce. Ya ce, "To dokar tana cin ƙwan zabi? Don akwai." Na so ƙasa ta tsage in shige. Matar da ban taɓa ganin haƙorinta ba, ranar sai da ta kashe kyamara don dariya.

Da ya ga ba ci, sai ya juya lamarin. Tunda da damina nake da hutu, to da damina za mu tafi, shi ma ya yi noma daga nesa kamar yadda nake yi. Amma sai an gwada tukuna. Lokacin gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun addabi kowa. Ya tafi gidan 'yarsa a cikin birni, ya bar umarni a ɗaure waya a jikin sanda a tsakiyar gona, a buɗe sifika. Habu ya yi yadda aka ce. Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji muryar Kawu tana fitowa daga cikin gero, "Kai! Ku tashi, 'yan banza! Ina ganinku!"

Da farko sun tashi, gaskiya. Can suka dawo. Ɗaya ma ya sauka a kan sandar, ya karkata kai yana saurare.

"Habu, sun tafi?"

"Baba, ɗaya na kanka."

"To kanga wayar a ƙasa in ji ko da laima."

Habu ya kanga. Kawu ya saurara, ya ce shi bai yarda da wannan ƙasar ba, shirunta ya yi yawa. Kafin la'asar sai ga shi ya sauko daga motar Minjibir, ko gida bai shiga ba ya wuce gona. Da na tsokane shi, cewa ya yi gwajin ya yi kyau, tsuntsayen ne ba su waye ba.

Bayan wannan daminar jikinsa ya fara sanyi. Hawan jini ya taso shi gaba, likita ya ce maganar doguwar tafiya a jirgi a bar ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na sake komawa wajen shugabarmu, na gaya mata gaskiyar halin da ake ciki. Ta ce, "Baban nan mai ƙwan zabi?" Ta ba ni 'yan kwanaki da tsakar rani, da sharaɗin in bar kwamfuta a gida.

Na ari mota, muka bi ta Daura muka tsallaka Nijar. A bakin iyaka jami'in ya ce tsoho ya zauna a mota, za a kawo masa fasfonsa. Kawu ya ce ina, da ƙafarsa zai je, a buga hatimin yana gani. Aka buga, ya ce a ƙara danna shi, bai fito sosai ba.

Mun ɗan yi nisa a hanyar Damagaram yana ta leƙe ta taga. Ya ce, "Ikon Allah. Su ma ƙasar waje Hausa suke yi?" Can ya hango wani mutum a lambu yana dashen albasa, ya ce in tsaya. Ya sauka suka gaisa, ya dubi dashen, ya ce an matse su da yawa. Kafin in rufe mota ya tuɓe babbar riga, ya karɓi fartanya, ya durƙusa cikin laka.

Na ce, "Kawu, kana da takardar izinin aiki a ƙasar nan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Je ka kai ƙara."

Haka muka yi hutun. Ni ina zaune a inuwa hannu rabbana, shi yana aiki a ƙasar waje, mai lambu yana kiransa Baba kamar sun shekara tare. A nan muka ci tuwo, a nan ya yi sallah, ya shafa ƙasar wurin da tafin hannunsa ya daɗe yana kallonta.

A hanyar dawowa na ce ya yi haƙuri, ba Masar ba ce. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka bar aikinka ka kawo ni, ɗan nan. Ta ishe ni." Na dai riƙe sitiyari da kyau.

Bai ga shukar da ta biyo baya ba. Ina kewarsa ƙwarai, har yau in na zauna aiki sai in ji wurin ya yi mini faɗi. Allah Ya jiƙan Kawu Ila, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi hutun da babu fargabar komai a cikinsa. Amin.