Abin Da Na Jiyo A Bayan Ƙyaure

A lokacin ina ƙaramar matar aure a Tudun Wada, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, Turawa ba su tafi ba. Boko ban yi ba, allo ma kaɗan na taɓa, amma kunne kam Allah Ya ba ni, ga baki ba ya gajiya.

Akwai rijiya a kan iyakarmu da maƙwabta. Kiristoci ne, maigidan tsohon malamin makarantar mishan. Tun zamanin iyaye ake gaba a kan rijiyar nan, ko gaisuwar mutuwa ba a yi. Mu muke jan ruwanta, matansu kuwa sai sun yi tafiya da tulu. Ran nan mai unguwa ya tara dattawa a zaurenmu, har da liman da limamin cocinsu. A al'ada, abin da aka faɗa a zaman sulhu nan ake binne shi, a fito a ce an shirya kawai, don kada a san wanda ya sunkuya. Ni kuwa na laɓe bayan ƙyaure, wai ina tsince shinkafa. Na ji tsohon nan maƙwabcinmu, murya na rawa, yana cewa mahaifinsa ne ya yi ƙaryar shi ya haƙa rijiyar, shi ma ya sani ya yi shiru, a yafe musu. Surukina ya yafe, aka raba goro, aka buɗe musu ƙofa a zana. Matar tsohon, da nake kira Inna, har saƙa ta fara koya mini.

Sai ga suna a unguwa. Hira ta yi daɗi, na kwashe duka na faɗa, har da kwaikwayon rawar muryarsa. Mata suka yi ta shewa, ni ina jin na burge. Kafin la'asar maganar ta kai kunnen 'ya'yansa. Washegari suka toshe ƙofar nan da kansu, suka koma tafiya da tulu.

Da na haɗu da Inna a kasuwa ba ta zage ni ba. Cewa ta yi mijinta ya ba dattawa ajiyar kunyarsa ne, bai san ni 'yarta ina bayan ƙyaure ba. Ta tambaye ni lafiyar yara, ta wuce.

Tsohon ya rasu ban nemi gafararsa ba, kunya ta hana ni. Jama'a, sulhu ba ya tsayuwa sai an rufa wa wanda ya sunkuya asiri. In kun ga masu gaba sun shirya, ku ce madalla, kada ku tambayi wa ya fara ba da haƙuri. In ma kun jiyo, ku haɗiye.