Kujerar Mataimakin Direba

Jiya da hantsi, a bakin kasuwar Gudu, wani mai baro ya taka gwangwanin madara da tayarsa. Ƙarar ba ta fi ta tafi ɗaya ba, amma sai na tsinci kaina a tsaye da ledar tumatir a hannu, jama'a suna ratsa ni, ni kuwa na koma Karmo, gindin mangwaron gidanmu, ina 'yar shekara takwas.

Idan ka san Karmo a wancan lokaci, ka san irin gidan. Ɗakuna goma sha biyu a jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya, rufin kwano da ke kuka idan rana ta take. Kowane ɗaki da yarensa, amma a bakin rijiya Hausa ake yi, kowa da irin tasa. Da damina ƙamshin gasasshiyar masara yake cika lungun, ruwa ya kwanta ja a ƙofar gida, kwaɗi su yi ta kiran juna. Da bazara kuwa mangwaro yake faɗowa kan kwano, mu yara mu zabura da gudu.

A gindin bishiyar nan tsofaffi biyu suke wuni. Ɗaya kakana ne, mahaifin babana, tsohon direban jirgin ƙasa, dogo, mara yawan magana, wanda ba ya kirana da komai sai amarya. Ɗayan kuma maƙwabcinmu ne, Kirista daga ƙasar tsaunuka, wanda ya yi shekaru yana mataimakin kakana a kan jirgi. Ɗakinsa ne na farko idan ka shigo, shi ya sa muke ce masa Baban Ƙofa. Ƙafarsa ta dama ta katako ce daga gwiwa. Idan ya zauna sai ya kwance ta ya jingina da bishiya, ya rataya hularsa a kanta. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, "kai" yake ce mini, kuma har ya bar duniya kakana "Oga" ne a bakinsa.

Duk ranar Asabar kakana yakan ɗauki ƙafar nan ya ɗora a cinya, ya ɗiga man keken ɗinki a mahaɗarta, ya goge ta da tsumma a hankali. Ba ya yarda kowa ya taya shi. Ranar Lahadi da damina, idan hanya ta yi santsi, shi yake riƙe hannun abokinsa har ƙofar coci, sannan ya koma teburin mai shayi ya zauna har a tashi. Ban taɓa jin wani a gidan ya yi mamaki ba. Haka muka buɗe ido muka gan su.

Daga wurin mai shayin nan yake dawowa da gwangwanayen madara a aljihun babbar riga. Ya yanke su da wuƙa, ya lanƙwasa, ya yi kan jirgi da ɗan ɗakin direba da taga. Gwangwanin kifi shi ne tarago, marfin kwalba taya, tsinken tsintsiya layin dogo. A cikin ɗakin direban yakan sa ƙwayar gyaɗa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sai ya jingina katako da tushen mangwaro, ya cika taragon da tsakuwa, ya ce, "Amarya, saki."

In saki, taragon ya gangaro, ya daki kan jirgin. Kusan kullum abu ɗaya yake faruwa: taragon ya ɗaga gaba ya hau hancin jirgin, ya afka ɗakin direba. Kakana ya buɗe gwangwanin da ƙumba, ya zazzage gyaɗar a tafin hannu, ya daɗe yana kallonta. Washegari ya sake ƙera wani. Wata rana ya kafa ƙusa biyu a gaban tagar, wata rana ya tsawaita hancin, wata rana ya cusa masa auduga. Baban Ƙofa yana daga kan benci yana dariya, yana cewa, "Oga, gyaɗan nan da kake ɓatawa, da ka ba ni na ci." Ni dai wasa na ɗauka. Iska tana kaɗa ganye, inuwa tana yawo a kan hannuwansu, barci ya ɗauke ni a kan buzun kakana, in yi mafarki ina cikin ɗakin gwangwanin nan, ƙasa tana gudu a ƙarƙashina, tsaunuka suna matsawa gefe suna ba ni hanya.

Shekaru suka tafi. Ina makarantar sakandare aka fara fasa daji a bayan Karmo, manyan motoci suna zuba tsakuwa. Da aka shimfiɗa layi, nakan bi tsofaffin biyu da yamma mu hau wani tudu mu kalli ƙarfen yana sheƙi har inda ido ya ƙare. Ranar da jirgi na farko ya wuce, kakana ya cire hula, leɓensa yana motsi. Lissafin gudun jirgin yake yi da kunne.

Bayan na gama karatun fasaha aka buɗe ɗaukar masu koyon tuƙin jirgi, har da mata. Na nema ban gaya wa kowa ba, kuma aka ɗauke ni. Da na kai wa babana takardar, ya karanta ta sau biyu, ya ninke, ya miƙo mini.

"Ki nemi wani aikin," in ji shi. "Ko shara ce a ofis na yarda. Wannan ban yarda ba."

Babana masinja ne a wata ma'aikata, mutum mai sanyi, bai taɓa hana ni komai ba. A ranar, bayan la'asar, ya zaunar da ni a bayan ɗaki ya ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba. Yana ɗan shekara goma sha biyu abin ya faru. Da rana ne, ana ruwa. Kakana yana hawa wani tudu da jirgin kaya, sai ga taragu uku da suka tsinke daga wani jirgi suna gangarowa a kan layinsa. Ya danne birki, ya daka wa mataimakinsa tsawa ya yi tsalle. Mataimakin ya yi tsalle, santsi ya ja shi, ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin taya. Kakana ya kwanta a ƙasan ɗakin direba. Taragon farko ya hau hancin jirgin, ya yanke ɓangaren direba kamar an sa wuƙa, ya wuce ta saman bayansa. Haƙarƙari uku ya karya.

"Da aka jawo kan jirgin tasha na leƙa," in ji babana. "Gefen kakanki babu komai sai tarkace. Gefen mataimaki kuwa ko gilashi bai fashe ba. Kujerarsa tana nan. Kwanon abincinsa yana ƙarƙashinta, ko murfin bai buɗe ba."

Sai a lokacin na gane man keken ɗinki, na gane gyaɗa biyu.

Na je wurin kakana ina kuka, don na san kalma ɗaya daga bakinsa za ta sauya ra'ayin babana. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Amarya, sau ɗaya na taɓa gaya wa mutum abin da zai yi da ransa a kan jirgi. Ba zan ƙara ba."

Ranar Litinin na tafi in mayar da takardar. Wanda ke kula da horon wani injiniya ne, mutumin arewa da ya yi karatu a waje, mai farin gilashi da carbi a aljihun rigar aiki. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa duka, har da gwangwanaye. Ya ce in riƙe takardata zuwa Asabar, in zo masa da babana da tsofaffin biyu.

Ranar an kwana ana ruwa, gari ya waye a wanke. Rumfar gyaran jirage tana da tsawo kamar masallacin Juma'a, haske yana zubowa ta rufi, tattabaru suna yawo a sama. Kan jirgin yana tsaye a tsakiya, yana warin sabon fenti da man dizal. Injiniyan ya durƙusa ya gaida tsofaffin, bai yi musu lacca ba, ya ce, "Baba, ku duba mini shi. Ku ne kuka san aikin."

Kakana ya nufi gaban jirgin kai tsaye. Ya tsuguna, ya shafa wani faffaɗan ƙarfe mai layi-layi kamar haƙora da ke saman mahaɗar da ake ƙulla tarago. Injiniyan ya ce aikinsa ya cije duk abin da ya dako jirgin, ya hana shi hawa. Ya buɗe wata ƙofa a hancin ya haska fitila: ginshiƙan ƙarfe biyu, kowanne ya fi cinyar mutum kauri, an yi musu walda da gindin jirgin, suna tsaye daidai gaban kujeru. Kakana ya sa hannu biyu ya rungumi ɗaya. Ya juyo ya dube ni, ya ce a hankali, "Ƙusa biyu."

"Hancin kuwa da gangan aka yi shi ya naɗe," in ji injiniyan. "Shi zai sha dukan, ya lanƙwashe, kafin ƙarfin ya iso wurin mutane. Ƙarfe ana sake shi, Baba."

Hawa da Baban Ƙofa ya ba mu aiki. Babana ya tura daga ƙasa, injiniyan ya ja daga sama, ni na riƙe sandarsa, shi kuma yana ta faɗa wai ba buhun doya ba ne. Da ya shiga ya zauna a kujerar mataimaki, ya ƙwanƙwasa gilashin da zobensa, ya shafa bakin teburin da aka zagaye babu kaifi ko ɗaya. Kakana ya zauna a ta direba. Hannunsa ya je neman birki inda yake a da, bai same shi ba, ya yi murmushi. Ta gilashin ana hango layi ya fita daga rumfar ya shige cikin koren ciyawa, tururi yana tashi daga ƙasa.

Kakana ne ya fara magana. Bai dubi kowa ba.

"Yaro, idan direba ya hango abu a kan layinsa, ya san ba zai tsaya ba, me kuke koya masa ya ce wa mataimakinsa?"

"Ya danne birkin gaggawa, su bar kujeru, su koma bayan ɗakin nan su kwanta a ƙasa. Nan ne aka fi ƙarfafawa. Ba ma koya wa kowa tsalle."

Kakana ya gyaɗa kai. A gaban ɗansa da jikarsa da baƙo, ya ce, "Ni na ce masa ya yi tsalle. Kujerarsa ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Baban Ƙofa ya juyo da kujerar gaba ɗaya.

"Oga, wannan ne kake ɗauka tun tuni? Kai! Ni ban ji muryanka ba sam. Ruwa yana duka, birki yana ihu, wa zai ji? Tun da na ga tarago, ƙafana yana kan mataki. Tsoro ne ya fitar da ni, ba kai ba. Da ka ce in zauna ma, da na tafi."

Kakana ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya rufe fuska da hannun riga. Babana ya sauka ƙasa, na hango shi ya tsaya gaban hancin jirgin, ya leƙa ginshiƙan nan, ya dake su da tafin hannu kamar mai gwada katangar gida. A cikin mota, muna hanyar komawa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ƙarfe nawa ake son ki ranar Litinin?"

Kakana ya ƙara damina biyu a duniya. Bai sake yanka gwangwani ba. Ya koma mai hira, har tsokanar matan gidan yake a bakin rijiya, kuma ya ga ranar da na fara jan jirgi ni da kaina.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na sami Baban Ƙofa shi kaɗai a kan bencinsa. Na zauna kusa da shi, na yi masa tambayar da ta daɗe a raina: da gaske bai ji muryar kakana ba?

Ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa.

"Muryan kakanka? Ko a cikin aradu za ka ji shi." Ya shafa gwiwarsa. "Ni ƙafa guda ɗaya na rasa, na saba. Shi kuwa shekara da shekaru yana ɗauke da shi a kai. Ban sani ba sai ranan nan. Ya isa ya sauke."

Yanzu ina zaune a Lugbe. Gidan Karmo an sayar, an sare mangwaron, shaguna ne a wurin. Baban Ƙofa ma ya bi abokinsa, 'ya'yansa suka kai shi gida cikin tsaunuka, ni da babana muka raka gawar. Jiragen da muke ja yau suna da na'urar da ke tsayar da su idan direba ya suma, suna da ƙofa ta kowane gefe, kuma ɗaliban da nake koyarwa suna ɗaukar duk wannan kamar haka aka halicci jirgi. Ba na ganin laifinsu. Amma duk wanda aka ba ni ya zauna a gefena, kafin mu tashi nakan sa shi ya bar kujera, ya je bayan ɗakin ya kwanta a ƙasa da kayan aikinsa, in kwanta kusa da shi. Suna jin kunya, wasu suna dariya. Nakan bar su su gama, sannan in ce mu tashi, fasinja suna jira.