Layin Dogo

A gidanmu Anti Kwamfuta ake ce mata, ƙanwar mahaifiyarmu ce. Aikinta kula da tsohuwar manhajar wani kamfanin jigilar kaya, a wani ɗaki can ƙarshen baranda, wanda tagarsa bango take kallo. Tebur biyu ne a ɗakin. Ɗayan na mijinta ne, Dogo. A nan suka haɗu, a nan suka yi ta musu har ya kai su ga aure. Tun da Allah ya yi masa rasuwa ba a kawo kowa wurin ba.

A gefen kowane layi na manhajar akan ga sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Gyara yau, gyara gobe, sunan Dogo ya yi ta raguwa har ya rage a layi biyu kacal. Umarni biyu ne da ya sa wa suna ɗaya, "tura". Harshen kwamfutar da suke rubutu da shi ya yarda da haka, muddin abin da kowanne ke karɓa ya bambanta. Na Dogo, ɗaya jerin lambobi yake karɓa, ɗaya jerin sunaye.

Ranar da ya rubuta su ta ja masa kunne.

"Dogo, injin nan in ya gama fassara, share abin da ke cikin jeri yake yi. Jeri da jeri kawai zai gani."

"Ya yi aiki ko bai yi ba?"

"Ya yi, amma sa'a ka ci."

"To ai ke ma da sa'ar na same ki."

Tsohon injin fassarar, wanda ke juya rubutunsu zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ya kau da kai. Sabon da kamfanin ya kawo bayan rasuwar Dogo kuwa ya ƙi sam, ya ce umarnin biyu abu guda ne, sai an canja wa ɗaya suna. In ta canja, sunanta zai hau layin, na Dogo ya sauka.

Ta yi ta kewaye-kewaye, tana gyaran abin da bai lalace ba, har shugaban sashensu ya leƙo.

"Haba Anti, suna ne fa kawai! Ko sai mun kira taro?"

"Zan yi, ranka ya daɗe."

Bai san me ke riƙe ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Wa za ta gaya wa ya gane? Mu a gida ko sunan aikin ba mu iya ba.

Da rana tsaka, kowa ya fita cin abinci, ta daɗe tana kallon layukan, ta rasa wanda za ta bari. Can ta mai da na farko "tura lambobi". Injin ya karɓa nan take, ko gardama babu. Ta zauna da hannu a cinya, ita da layi ɗayan da ya rage da sunan Dogo, har aka dawo.