Wa Zai Riƙe Min Hannu Ran Alhamis?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka ce min Malam Attahiru ya rasu.

Shi ya koya mana bayoloji a sakandare. Da ya yi ritaya, bencin shagon ɗinkina a kasuwar Bodinga ya zama ofishinsa.

Shi ya fara lura ciwon suga ya taɓa min ido. Ya ga ina ta lalubar kafar allura, ya karɓa ya zura min zaren. Tun daga ranar, kullum sai ya zura min allurai ya jera a jikin labule, don kada masu kawo ɗinki su gane.

Da likita a Sakkwato ya ce wasu jijiyoyin jini ne ke tsirowa barkatai a cikin idona, sai an yi min allura a ƙwayar idon, guduwa na yi. Ni da nake wuni da allura!

Malam ya yi min dariya son ransa, sannan ya zana min abin a ƙasa da tsinke. Ya ce ƙwayoyin jikinmu suna da wasu 'yan kunnuwa a bayansu. Da su jijiyar jini da jijiyar ji suke jin kira, su san inda za su bi tun muna ciki. Ya ce a idona kiran ne ya yi yawa, allurar kuma kiran za ta tare kafin ya kai kunnuwan.

Ran Juma'a na gan shi na ƙarshe, zai tafi Horo Birni duba gerona da nasa. Ya ce, "Mi kaka tsoro? Ran Alhamis tare muka tahiya, ni ka riƙe ma hannu."

Jibi ne Alhamis ɗin, ranar da za a yi min allurar.

Wallahi tsoro nake ji. Ina tsoron allurar, ina tsoron makanta, da ɗinkin nan nake ciyar da gidana. Ɗazu na duba labule, alluransa na nan da zarensu, na kasa taɓa su.

Amma zan je, Malam.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ya sa ni ma a ciki ran Alhamis.